Sandar da Kawu Ya Sa wa Keken Baffa

Abba, ban san shekarunka nawa ba ranar da za ka karanta wannan. Yanzu dai kana kwance a gefena, ko zama ba ka fara ba. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan a tsakaninmu. Na san in ka girma ba zan iya zaunar da kai in ba ka labari baki da baki ba. Amma za ka ji shi a bakin dangi, kuma yadda suke ba da shi ba haka ya faru ba. Cewa suke yi na ɗora tsohona a kan keken mata na kai shi daji shanu suka kusa tattake shi, wai kuma ni na raba shi da Kawu Idi. Ina wurin, kana cikina. Har yau in na rufe ido sai in ji ƙasa tana motsi a tafin ƙafata, shi ya sa za ka ga rubutun nan yana karkacewa a wasu wuraren.

Baffa, haka muke kiran mahaifina, malamin dabbobi ne. A ruga aka haife shi, ya yi kiwo kafin ya yi boko, da aka yi sabuwar jiha kuma aka dawo da aikinsa Dutse muna ƙanana. Tun da na buɗe ido a kan keke na san shi. Ya fita da akwatin allura ɗaure a kariyar baya, ya bi kwalta har inda ta ƙare, ya faɗa burtali, ba za mu gan shi ba sai la'asar, ƙafar wandonsa cike da ƙarangiya. Yana da 'yan shanunsa a hannun wani ɗan'uwa a bayan duwatsu, kuma ko ranar da babu aiki sai ya je ya gan su. Inna takan ce da shanun nan suna girki da tuni ya tare a can.

Da damina ciwon ya same shi, shekara guda bayan aurena. Ɓarin hagu ya shanye. An yi asibiti, an yi na gida, Allah Ya sa ya tashi, amma hannun hagun bai ƙara buɗewa sosai ba, ƙafar kuma sai ya ja ta. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, kamar yana ɗauko kowace kalma daga rijiya. Sai ya daina yin ta. Aka shimfiɗa masa tabarma a soro, nan yake wuni yana kallon hanya. Tsohon kekensa yana jingine a bango. Ya gwada hawa sau ɗaya, ƙafar ta kasa tsallake sandar tsakiya, bai sake kallon wajen ba. Abinci ya koma yi masa cokali biyu. Ina zuwa kullum daga gidan mijina, ina ganin rigarsa tana ƙara yi masa yawa. Likita ya ce jikin yana warkewa. Ni kuwa na ga zaman soron nan ne zai kashe shi, ba ciwon ba.

Wata safiya ina zaune kusa da shi, 'yar maƙwabtanmu ta fito za ta makaranta. Ta riƙe kan kekenta, ta zura ƙafa ta tsakiya ba tare da ta ɗaga ta ba, ta zauna ta wuce. Na ga Baffa ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sai ya jawo sandarsa ya fara zane a ƙasa: taya biyu, ƙarfe ya sauko ya lanƙwasa, tsakiya babu komai.

"Irin wannan," ya ce.

"Keken mata, Baffa?"

"Ƙarfe ne. Ba ya haihuwa."

Dariyar da na yi har da hawaye, don rabon da ya yi wasa tun kafin ya kwanta.

Sabon keke na kanti ba zai yi masa ba, ya nuna mini dalili a zanen. Kowane sashe sai an zaɓo shi daban saboda jikinsa, kuma saboda hanyarsa iri biyu ce, kwaltar gari da yashin burtali. Shekarar ce aka fara shari'ar Musulunci a jihar, fitar mace zuwa rumfar maza ta zama abin magana, don haka mahaifinka ne mai yawon nema a babur ɗinsa, Malam Habu mai gyaran keke kuma ya yarda ya riƙa kawo kayan aikinsa soronmu da yamma. Ni ce bakin Baffa. Zai faɗi kalma ɗaya ko ya yi nuni, in fassara. Gangar jikin keken a Ringim aka samo ta wajen masu gwanjo, koriya, fentin ya koɗe amma ƙarfen lafiya lau. Baffa ya ƙwanƙwasa ta da zobensa tun daga sama har ƙasa yana saurare, kamar yadda na sha ganin yana sa kunne a cikin saniya. Tayoyi kuwa sai da aka yi ta kai da kawo. Ya ce ta baya mai faɗi ce mai ƙuraje, don ta kama yashi, ta gaba mai faɗi amma mai ɗan santsi don kada ta yi ta gurnani a kwalta tana girgiza masa hannu. Kuma kada a cika musu iska, ya matsa da babban yatsa sai ta ɗan lotsa. Haƙoran baya da sarƙa take hawa ya sa aka nemo manya, don feda ta yi laushi ko da gudun zai ragu.

"Malam, ko amarya ba a yi mata wannan zaɓen," in ji Malam Habu ranar da Baffa ya mayar da sirdi na uku. "Wannan me ya yi?"

Baffa ya nuna ƙugunsa ya yamutsa fuska.

"Ya ce ya yi tauri," na ce.

"Na ji, Hajiya tafinta. To a ɗaura masa katifa mana, mu huta."

Sirdin da ya karɓa daga Aujara ya zo, wani tsohon abokin aikinsa ya ciro daga nasa keken ya aiko, mai faɗi da sifirin biyu a ƙasa. Inna ta yanka buzun ragon layya ta ɗinka masa riga, tana ɗinki tana mita wai mun haɗa kai za mu ƙarasa mata miji. Kan keken aka sa mai lanƙwasowa baya, don ya zauna a miƙe kada nauyinsa ya hau hannun da ba shi da ƙarfi. Mariƙin hagu Malam Habu ya naɗe shi da robar tsohon tib na taya har ya yi kauri daidai yadda yatsun suke a dunƙule. Fedar hagu aka ɗaura mata katako mai ɗan baki a gefe don kada ƙafar ta zame. Birki biyun kuma aka haɗe su a hannun dama. Wannan ya ba Malam Habu wuya, ya kwance ya ɗaura, ya kwance ya ɗaura, yana cewa shi tun da yake bai taɓa aurar da birki ba sai a gidan nan.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na gani a watannin nan ba. Mutumin da ya daina cin abinci ya koma tambayar ko tuwo ya nuna. Yana tashi da asuba ya goge ƙarfen da ko taya ba a sa masa ba. Ni da na yi sakandare na karanta yadda jini yake toshewa a ƙwaƙwalwa, amma babu littafin da ya gaya mini cewa ɗan ƙwayar boris na tayar keke a tafin hannu zai iya dawo da mutum duniya. Ranar da aka gama, aka tsayar da keken a tsakar gida, babu abu biyu a jikinsa da suka fito daga wuri ɗaya, amma kana ganinsa ka ga Baffa, har da karkatar.

A filin bayan gidanmu ya koyi hawa, da sassafe kafin mutane su fito. Abin da ya fi maimaitawa shi ne sauka. In taya ta nutse a yashi keken ya tsaya, sai ya zamo gaba daga sirdi, ya dasa ƙafar dama, ya saki keken ya faɗi ta ƙarƙashinsa, ƙafar hagu ta fice ta wannan sararin na tsakiya. Keken ya faɗi, shi yana tsaye. Duk hikimar abin a sararin nan take. Ka riƙe wannan, Abba.

Lokacin cikinka ya tsufa, an dawo da ni gida goyon ciki. Sai ga Kawu Idi daga Miga. Yayan Inna ne, shi ya ba Baffa aurenta, kuma tun da Baffa ya kwanta babu wanda ya kai shi zirga-zirga. Ba na so ka tashi da ƙinsa, don duk abin da ya yi ƙauna ce ta sa shi. Ya zagaya keken yana salati.

"Yanzu mutum da furfurarsa, malami guda, ya ratsa Dutse a kan wannan? A wannan lokacin da ko wando mace ta sa sai an yi wa'azi a kai? Yaran kasuwa ai tafi za su yi masa." Ya juyo gare ni. "Ke kuma da karatunki kika zuba ido?"

Na sunkuyar da kai.

"Kawo shi in kai a yi masa ado," in ji Kawu. "Gudummawata ke nan."

Ka san yadda mutanenmu suke da keke, sai an naɗe ƙarfe da roba mai launi, an sa madubi da tuntu. Mun zaci shi ke nan. Washegari ya dawo da shi yana walƙiya, ja da rawaya, madubi biyu, ƙararrawa sabuwa. A tsakiya kuma, daga ƙarƙashin sirdi zuwa wuya, an yi waldar bututun ƙarfe an naɗe shi da roba, ba ka cewa ba da shi aka ƙera keken ba.

"Yanzu ya zama na maza," Kawu ya ce, fuskarsa cike da murna.

Na kalli Baffa, ina jira ya yi magana ko ya yi mini nuni in yi. Ya daɗe yana kallon bututun. Amma Kawu surukinsa ne, babban wa, ga kyauta an kawo har gida a gaban iyali. Bafulatani irin Baffa ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya ce wa suruki ka ɓata.

"Madalla," ya ce. "An gode."

Kawu ya ce lallai sai ya ga tafiyar farko da idonsa kafin ya koma. Da hantsi ya kwantar da keken, ya kama ƙafar Baffa da hannunsa ya tsallakar da ita, ya tayar da su tare. Baffa ya ce ruga za shi. Na ce zan raka shi bakin duwatsu, ai an ce mai ciki ta riƙa tattaki. Inna ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Kawu ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga hannu.

A kwalta a hankali ya tafi, ina biye da shi a gefe. Da muka sauka burtali sai na ga abin da aka yi wata da watanni ana haɗawa. Tayar baya ta hau yashi kamar an shimfiɗa mata tabarma. Ya miƙe zaune, rigarsa ta cika da iska, duwatsun nan manya da suka hau kan juna suna gefensa, dabinai suna sama. Na ji yana wani ɗan sauti a maƙogwaro, ashe waƙa yake yi. Ya manta da ni, ya yi nisa. Na tsaya riƙe da ƙugu ina cewa tsarki ya tabbata ga Allah, don mutumin da na gani a tabarma kamar an gama da shi ne yake tafiya can kamar saurayi.

Akwai inda burtalin ya gangara ya matse, aguwa ta yi shinge dama da hagu, yashin wurin kuma mai zurfi ne. Daga nesa na ga tayar gaba ta nutse. Na ga ya zamo gaba ya dasa ƙafar dama yadda ya saba, ya saki keken. Sai keken ya tafi da shi. Bututun ya kama cinyarsa ta hagu, rigar ta naɗe a jiki, suka faɗi tare, ƙarfen a kansa. Na fara sauri. Sai na ji ƙasa tana rawa.

Garke ne ya fito daga kwanar sama, za su mashaya. Fararen shanu masu dogayen ƙaho, sun cika burtalin daga shinge zuwa shinge, kuma shanun da suka ji ƙamshin ruwa a gangare ba tafiya suke yi ba. Makiyayin yana can baya, ba ya ganin gaba. Baffa yana kwance a tsakiyar hanya. Kai kuma ka dunƙule a cikina wuri guda kamar dutse. Na durƙusa a yashi ina kallo, na san a gabana za a tattake mahaifina.

Sai ya ɗaga kai ya yi kira.

Abba, mutumin nan shekara guda bai haɗa kalma biyar a jere ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa ba magana ba ce. Kiran makiyaya ne, dogo, ya hau sama ya karye ya sauko, ya ƙare da wani ɗan kaɗa harshe. Ban taɓa jin ya yi shi ba, a gari muka tashi. Ya fito cikakke, babu karkata ko kaɗan, har duwatsu suka maido shi. Bijimin da ke gaba ya turje, ƙafafunsa suka yi rami a yashi. Na baya suka yi karo da shi, ƙahonni suna ƙwanƙwasar juna. Baffa ya sake yin kiran, a hankali wannan karon, kamar lallashi. Bijimin ya matso, ya sunkuyar da wannan ƙaton kan, ya shinshina fuskarsa. Ina ganin numfashinsa yana kaɗa gemun Baffa. Baffa ya ɗaga hannun dama ya dafa masa hanci ya ɗan tura shi gefe.

Bijimin ya bi ta gefen. Sauran suka rabu biyu, suka bi ta dama da hagu a jere, suna goga jikinsu da aguwa don su bar masa wuri. Wucewa suke yi, yana kwance a tsakiyarsu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Suka iso inda nake durƙushe suka kauce mini ni ma, ɗumin jikinsu yana dukan fuskata. Ko madubin keken ba su fasa ba. Malamai su faɗi sunan abin, ni dai abin da na gani ke nan.

Makiyayin, wani dattijo, ya iso da gudu yana salati, ya ɗaga keken. Da ya ga fuskar sai ya riƙe baki.

"Malam mai allura! Ai ce mana aka yi ka kwanta."

"Ga ni kuwa a kwance," in ji Baffa.

Shi ya taimaka muka dawo gida, Baffa a kariya, dattijon yana turawa. Cinyarsa ta kumbura, gwiwar hannunsa ta goge, amma babu karaya. Ni ce na kwanta, jikina yana ɓari kamar mai zazzaɓi, har aka kira unguwarzoma. Daga ɗaki nake jin Inna tana kuka tana cewa a kulle keken nan a ɗakin hatsi, kada ta sake ganinsa. Kawu ya ce a sayar ma, mai wannan ciwon zama ya kamace shi, kuma yarinya ce aka biye wa tun farko. Na toshe kunnena. Na san in aka kulle keken, soro za a koma, kuma wannan karon ba zai tashi ba.

Da la'asar na ji muryar Baffa yana aike a kira Malam Habu, ya zo da zarto. Na lallaɓa na tsaya bakin ƙofa. Kawu yana zaune a soron. Baffa bai neme ni in fassara ba. Da kansa ya yi maganar, kalma ɗaya bayan ɗaya, idonsa a ƙasa, gumi yana zubo masa.

"Yaya. Ka rufa mini asiri. Na gode. Amma sandar nan ita ta kayar da ni. Zan cire."

"A gabana?" in ji Kawu.

"Ba na so a bayanka."

Malam Habu bai yi wasa ko ɗaya ba ranar. Ya warware robar ja da rawaya, ya sa zarto. Ƙarar ta cika gidan. Kafin bututun ya faɗi Kawu ya sa takalminsa ya fita, ko sallama bai yi wa Inna ba. Bai zo sunanka ba. Inna ta yi wata ba ta yi wa Baffa magana sai ta dole, kuma har yau in an ambaci Miga sai ta tashi ta shiga madafa. Baffa ya aika masa da gaisuwa da sallah, an ce ya amsa, iyakarta ke nan. Wannan shi ne abin da aka biya, kuma Baffa ya san farashin kafin ya aika a kira mai zarto. Ba ni na sa shi ba. Da za a tambaye ni a ranar, don tsoro, da na bi bayan Inna.

Juma'ar da kumburin ya saɓe ya sa farar riga, ya zura ƙafa ta tsakiya ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya tafi masallaci ta tsakiyar kasuwa. Mahaifinka ya ce yaran masu faci sun yi tafin kuwa, wani har da kiran "Hajiya, a sauka lafiya." Baffa ya kaɗa musu ƙararrawa ya wuce.

Yanzu kullum da hantsi yana fita ruga. Jiya ma ina soro da kai a hannu ya fito da keken. Zuciyata ta fara bugawa yadda take yi kowace safiya, na ce ko zai bari rana ta ɗan yi sanyi, ko mahaifinka ya kai shi a babur. Ya dube ni.

"Shiga ciki," ya ce. "Kada ki kalla."

Ban shiga ba. Na tsaya na kalle shi har ya sauka daga kwalta.